Reshen Rumman da Ka Bari a Tanderu

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, ana dab da kiran sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, maƙerin da mutanen layinmu suka fi sani da Mai Ganye. Shekararsa sittin da ɗaya. Wanda Ya ba mu shi Ya karɓi abinSa, kuma hanyar da ya bi tana jiran kowannenmu. Ya bar 'ya guda ɗaya, da ni ƙanwarsa, da maƙera mai ƙofa ɗaya da taga biyu, wadda har yau gabana ke faɗuwa duk lokacin da na sa mata makulli.

Ƙungiyar masu sana'ar hannu ce ta ce in rubuta wani abu a kansa, tunda ni na fi kowa daɗewa a gefensa, shekara ashirin da biyu muna shaƙar hayaƙi ɗaya. Na zauna in ba da labarinsa kamar yadda ake ba da labarin wanda ba ya nan, hannuna ya ƙi. Saboda haka masu karatu su yi min afuwa, da shi zan yi magana.

Yaya, yau kwana tara. Masu gaisuwa sun fara raguwa, an mayar wa maƙwabta kujerunsu. Kowa ya shigo sai ya ce na yi ƙoƙari, na daure. Ba su san cewa ba dauriya ce ta hana ni kuka ba, tsoro ne. Akwai abin da ka bari, yanzu yana kan kantar da ke bayan tanderu, gwangwani ɗaya cike da busasshiyar farar ƙasa, kuma akwai abin da na yi masa wanda ban faɗa wa kowa ba. Zan zo kansa. Bari in fara da kai, don kai aka ce in rubuta.

Mutane sun san ka da 'yan kunne da zobba da abin wuya na azurfa masu siffar ganye da kwanson iri. Wasu sun san ka da ƙofofin ƙarfe da ka ƙera da guduma, waɗanda in mutum ya hango daga nesa sai ya rantse wani tsiro ne ya naɗe su. Ni kuwa na san ka da aljihu. Tun muna yara ba a taɓa wanke rigarka ba tare da an zazzage busassun ganyaye da ƙwallayen 'ya'yan itace ba. Mahaifiyarmu ta yi faɗa har ta gaji, matarka ta gaji faɗan ita ma ta gaji, daga ƙarshe ya faɗo kaina. Tafiyar da kowa ke yi cikin minti goma daga gida zuwa maƙera, kai sai ka kwashe rabin awa, kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Dattijon da ke sharar layinmu ya san halinka, shi ya sa ba ya taɓa gindin bishiyoyin bakin titi sai ka wuce. Ranar jana'izarka na gan shi tsaye can gefe da tsintsiyarsa. Ya ce min tun safe bai share ba, kuma bai san wa yake jira ba.

Ba ka taɓa tsinke ganye daga jikin bishiya ba. Sai wanda ya faɗo da kansa. In ka ga ƙwaro a cikin kwanson da ka tsinto, sai ka ajiye aiki, ka fita da shi waje a tafin hannu. Na sha yi maka tsiya cewa da maƙera ta dogara da saurinka, da tuni mun koma sayar da gawayi.

Ba ka kuma taɓa yin 'yan kunne biyu iri ɗaya ba. Na tuna wata hajiya da ta dawo da nata a fusace, ta ce na dama ya fi na hagu tsawo, an cuce ta. Ba ka yi musu ba. Ka ba ta kujera, ka nuna mata bishiyar da ke ƙofar shagon tela, ka ce ta samo maka ganye biyu da suka yi daidai, kai kuma za ka sake mata kyauta. Ta fita da ƙarfinta. Muna kallonta ta taga tana ɗagawa tana yarwa, har tela ya fito yana taya ta. Da ta dawo, dariya take yi, ta sa 'yan kunnenta a gabanmu ta tafi. Bayan shekara ta kawo 'ya'yanta mata uku.

Lokacin da aka gayyace ka babban ɗakin baje koli, aka jera aikinka a cikin gilashi da fitilu, wani mai dogon bayani ya tsaya yana faɗa wa jama'a ma'anar da ke ɓoye a cikin wani abin wuya naka. Ya yi magana a kan rayuwa da mutuwa da zamani, har ni da na goge abin da hannuna na fara shakkar ko shi ne. Da ya gama ya juyo ya tambaye ka ko ya dace. Ka ce, "Wallahi ka fi ni sani. Ni dai a bakin kwata na tsince shi." Ɗakin ya kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Alherinka ba mai surutu ba ne. Tsohuwar da ke hawa na biyu a gidan da ke kallon maƙera ta faɗi a matakala, ƙugunta ya goce. Ba wanda ya roƙe ka. Ka je ka auna bangon, ka kwana uku kana dukan ƙarfe, ka kafa mata madafa tun daga ƙasa har ƙofarta. A kowane wurin da ka lura tana tsayawa ta huta, ka ƙera faffaɗan ganye daidai tafin hannunta. Yau ganyayen nan sun yi sumul, suna ƙyalli saboda riƙo. Haka malamin nan makaho da ke zuwa duk ranar Laraba. Bai taɓa sayen komai ba, kai ma ba ka taɓa sa ran zai saya ba. Sai ka shimfiɗa masa ƙyalle, ka jera sababbin ayyuka, ya bi su da yatsa yana faɗin sunan bishiyar. In ya kuskure ka yi ta murna kamar yaro, in ya canka ka ce ai ni na raɗa masa. Larabar da ta wuce ya zo kamar kullum. Na shimfiɗa masa ƙyallen, amma bai taɓa komai ba.

Ni ma cikin waɗanda ka tsinto nake. Lokacin da aurena ya mutu na dawo ba ni da sana'a ba ni da abin yi, dangi suna ta shawarar inda za a ajiye ni. Kai ba ka shiga shawarar ba. Ka miƙo min magagari da wani zobe, ka ce, "Goge min wannan, hannuna ya gaji." Ƙarya kake yi, hannunka bai taɓa gajiya ba. Daga ranar ban sake rasa wurin zuwa da safe ba.

Dole in bayyana yadda aikinmu yake, don wanda bai sani ba ya gane abin da ke damuna. Ana ɗauko ganye, a shafa masa narkakken kakin zuma a bayansa don ya yi kauri. A liƙa masa 'yar sandar kaki mai dunƙulallen gindi, wadda mu a maƙera muke kira wutsiya. A tsayar da shi a cikin gwangwanin ƙarfe, a zuba kwaɓin farar ƙasa har ya nutse. In ƙasar ta bushe, an sami mazubi. Sai a sa shi a tanderu, wuta ta cinye ganyen da kakin, gurbinsu kawai ya rage a ciki, da kowace jijiya da kowane ɗan ramin da tsutsa ta ci. Ta hanyar da wutsiya ta bari azurfa ke shiga. Amma azurfa ba ta kai kanta bakin siririn ganye, sai an tura ta. Shi ya sa ake ɗora mazubin a wani ɗan bokiti mai sarƙa, a narka azurfar a bakinsa, sannan a wulwula shi da ƙarfi kamar majajjawa. Daga nan a tsoma shi a ruwa, ƙasar ta farfashe, abin da ke ciki ya fito. Ganye ɗaya, mazubi ɗaya, zubi ɗaya. In ya lalace, ganyen ya riga ya zama toka, mazubin ya koma laka, babu inda za a sake komawa.

Kai ne mai liƙa wutsiya, kai ne mai wulwulawa. Ni nawa kwaɓi ne, da guga, da yanke wutsiya da zarto in jefa ta a gwangwanin guntaye don a sake narkawa. Sau ɗaya tak na taɓa riƙe sarƙar nan, a shekarata ta biyu. Ka ce min abu ɗaya ne doka, in hannu ya fara juyawa kada ya tsaya. Na fara da kyau. Da bokitin ya kai saman kaina sai na tuna wuta ce a ciki, hannuna ya yi sanyi. Ka ture ni gefe ka cafke sarƙar, ɗigon azurfa ya sauka a kan babban yatsanka na dama, ya ci naman har ya bar tabo mai reshe biyu. Ba ka yi min faɗa ba, da ma ka yi. Abin da ka mayar da shi abin dariya ne. Duk ofishin da aka ce ka dangwala yatsa, na'ura ta ƙi karɓa, sai ka ce wa ma'aikacin, "Yi haƙuri, ƙanwata ce ta yi min gyara a sa hannu." Kowace shekara kana miƙo min sarƙar, ni kuma ina cewa sai wani jiƙon. Kana cewa hannuna ya iya, ni ce ban yarda ba. Shekara ashirin ina ganin tabon nan a kan kofin shayinka, ban sake taɓa sarƙar ba.

Yanzu ga maganar gwangwanin da ke kan kantar nan.

A shekarar da aka haifi 'yarka, wadda kake kira Uwata, matarka ta dasa rumman a tsakar gidan da kuke haya. Yarinyar tana da shekara bakwai uwar ta rasu. Bayan kun tashi daga gidan, ba ka daina zuwa duba bishiyar ba, masu gidan har sun saba da sallamarka. A watan jiya aka sayar da gidan za a rushe a yi shaguna. Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarka, wani ya zo ya ce maka an sa wa bishiyar gatari. Ka fita ko hula ba ka ɗauka ba. Ka dawo da ɗan reshe guda, mai ganye biyar da toho ɗaya da bai buɗe ba, a naɗe cikin jiƙaƙƙen hankici. Ka ce min, "Yau na karya dokata. Da hannuna na tsinke." Sauran bishiyar an riga an loda a mota.

Uwata ta sami aikin jinya a wani gari mai nisa, tafiyar kwana biyu, kuma ranar Asabar mai zuwa za ta tafi. Ka yi mata alkawarin ba za ta tafi ba sai da rumman ɗin uwarta a wuya. Ranar Litinin ka wuni a kan reshen nan. Ka shafa wa kowane ganye kaki da ɗan burushi, ka murza wutsiyar, ka danna gindinta da yatsa har ta zauna. Ni na kwaɓa ƙasar, kai ka zuba.

Ranar Talata da hantsi ka sa mazubin a tanderu, ka kunna wuta. Dokokinka biyu ne a kan wuta, kuma tun ranar da na fara aiki nake jin su. Ta farko, ba a barin maƙera da wuta a kunne, ko da fita ɗaya ce zuwa bakin titi. Ta biyu, in mazubi ya shiga tanderu, awa takwas zai yi zafi yana hawa a hankali, ba a kashewa, ba a buɗe ƙofa, domin iska mai sanyi in ta buge shi tsagewa yake yi daga ciki, inda ido ba ya gani. Shekara ashirin da biyu dokokin nan ba su taɓa karo da juna ba.

Wajen azahar ina guga a ɗakin ciki, ina jin gudumarka a kan uwar maƙera, kana fitar da ganyen ƙarfe na wata ƙofa. Na san bugunka kamar yadda na san sallamarka, uku da ƙarfi, ɗaya a hankali. Sai na ji biyu, na jira na uku bai zo ba. Na fito na same ka zaune a ƙasa, ka jingina da kututturen da uwar maƙera ke kai, hannunka a ƙirji, gumi ya jiƙa maka riga. Na yi ihu, tela ya shigo da gudu, ya tsayar da mai taksi, suka ɗauke ka. Har na sa ƙafa a mota sai na tuna wuta. Na koma da gudu na murɗe gas. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma hannuna, don ya tabbatar wutar ta mutu, ya kama ƙofar tanderun ya buɗe ta gaba ɗaya. Zafi ya bugi fuskata, iskar waje ta shiga. Kuma na ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙarami ƙwarai. Har yanzu ban sani ba ko daga mazubin ne, ko daga tubalin tanderun, ko daga cikin kaina.

A mota kanka yana kan cinyata. Ka buɗe ido ka ce, "Tanderu fa?"

Na ce, "Yana nan lafiya, Yaya."

Ka ce, "To. Ke za ki wulwula."

Ba ka sake magana ba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, kafin la'asar aka fito aka ce mu yi haƙuri. Ke nan maganar ƙarshe da na yi maka a duniya ƙarya ce, maganar ƙarshe da ka yi min kuwa aiki ne da na shekara ashirin ina gudu.

Kwana tara ke nan ina zagaya gwangwanin nan. Na ɗaga shi a hasken taga, ban ga komai ba. Na ƙwanƙwasa shi da farce na kara a kunne, wani lokaci in ji kamar lafiya, wani lokaci in ji kamar fasasshen tulu. Na kai wa abokinka mai zobe na bakin kasuwa, wanda ke da injin zubi, na ce ko zai taimaka. Ya jujjuya shi, ya tambaye ni abin da ke ciki, na faɗa masa. Ya ajiye shi a hankali ya ce ba zai iya ɗaukar alhakin wannan ba, in ya lalace a hannunsa da wane ido zai kalli yarinyar. Ban ga laifinsa ba. Na dawo da shi a ƙirji, ina tafiya ina kaucewa mutane.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Uwata. Kullum ta shigo maƙera sai ta kalli kantar, ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai. Ta rasa uwa, ta rasa uba, gidan da aka haife ta ya zama fili, bishiyar ta zama itacen wuta. Abin da ya rage mata duka yana cikin gwangwani ɗaya, kuma ba reshen ba ne ma, gurbinsa ne. In na zuba ya lalace, ni na ƙarasa mata shi da hannuna. In hannuna ya sake tsayawa a sama, babu mai ture ni gefe.

Ɗazu da rana na kasa riƙewa, na zaunar da ita a kan bencinka na faɗa mata komai, har ƙaryar da na yi maka. Ta murza gefen mayafinta. Sannan ta ce, "Gwaggo, in ba a zuba ba, me ke ciki?"

Na ce, "Ba komai. Rami ne kawai."

Ta ce, "To ai gara a zuba. Kuma ke Baba ya ce."

Gobe Juma'a da sassafe zan kunna tanderu. A nan zan ajiye alƙalami, don ban san abin da zan rubuta a ƙasan wannan layin ba.

Na dawo, Yaya. Yau Asabar, motar da Uwata ta shiga ta tashi ɗazu.

Jiya na kunna wuta gari na wayewa, na mayar da mazubin, na zauna a gabansa awa takwas ban matsa ba. Uwata ta kawo min abinci ya huce a inda ta ajiye. Da lokaci ya yi na jawo gwangwanin guntaye daga ƙarƙashin benci, na juye duk wutsiyoyin da na yanke a watannin nan, sun kai goma sha, na auna abin da zai isa. Na fito da mazubin da awartaki, na zaunar da shi a bokiti, na ɗora guntayen a bakinsa na sa musu wuta har suka narke suka zama ƙwallo ɗaya mai rawa. Tela ya rufe shagonsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce wa Uwata ta koma bayan kantar nan. Na kama sarƙar, wurin riƙon ya lotsa daidai hannunka, ya yi min yawa. Na yi bisimilla na saki.

Da bokitin ya kai saman kaina, tsoron nan ya zo, shi ɗin dai, bai tsufa ba. Na ji gwiwar hannuna tana neman sanyi. Ban san abin da ya riƙe ta ba. Na dai ji sarƙar tana kuka a iska, na ƙirga ashirin kamar yadda kake yi, sannan na sassauta a hankali har bokitin ya tsaya. Ko ɗigo bai zuba ba.

Na tsoma shi a ruwa, ya yi tsuwa, tururi ya tashi, ruwan ya koma fari. Na sa hannu ina lalube a cikin laka. Tun kafin in fito da shi yatsuna suka faɗa min. Mazubin ya tsage. Azurfar ta bi tsagar ta bazu ta zama wani siririn faifai a gefe, ta shanye abin da ya kamata ya isa sama. Ganye biyu ne suka fito cikakku, da jijiyoyinsu da komai, kyawawa har ba na son kallonsu. Na uku ya tsaya a rabi. Sauran biyun babu. Tohon, wanda ka fi daɗewa a kansa, babu shi sam.

A nan kukan da na riƙe kwana goma ya zo. Na ce wa Uwata ta yafe min. Ta karɓa ta wanke shi a bokiti, tana cewa ganye biyu ma ai ganye ne, amma muryarta ba ta ɓoye komai ba. Don in sami abin yi da hannuna, na karɓe shi na ɗaure a kan benci, na ɗauko zarto zan yanke wutsiyar, kamar yadda na yi sau dubbai. Har haƙoran zarton sun taɓa, sai ta riƙe min hannu.

Ta ce, "Gwaggo, tsaya. Juyo da shi."

Na juyo da gindin wutsiyar wajen taga. A wurin da ka danna kakin ranar Litinin, azurfa ta ɗauki babban yatsanka. Kowane layi ya fito, zagaye cikin zagaye, kuma a tsakiya ga tabon nan mai reshe biyu.

Shekara ashirin da biyu ina yanke wutsiyoyin nan ina jefawa a gwangwani, Yaya. Ban taɓa juya ko ɗaya na duba ba. Kowace da ka liƙa tana ɗauke da yatsanka, ni kuma ina mayar da ita wuta. Na tashi da sauri na jawo gwangwanin guntaye, sai da na ga cikinsa wayam na tuna. Waɗanda suka rage, su ne na narka da rana na zuba a wannan. Ita kaɗai ce ta saura a duniya.

Ban yanke ba. Na cire faifan da ya bi tsaga, na goge bakin rabin ganyen don kada ya yanke ta, na huda gefen gindin na zura sarƙa. Ya yi nauyi, ya karkace, kuma duk maƙerin da ya gani zai ce ba a gama ba. Da safen nan a tasha ta sa shi a wuya. Ganyen uwarta suna waje, yatsanka yana ciki wajen fata. Da motar ta fara tafiya na hango ta ta gilashi, ta zura hannu ƙarƙashin mayafi, na san inda ta ɗora yatsanta.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, Uwata, 'yar yayana kuma 'yata. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya tsare ki a inda kika nufa, Ya sa hannunki ya zama sauƙi ga marasa lafiya. Ina yi wa danginmu na kusa da na nesa ta'aziyya, da 'yan ƙungiyar masu sana'ar hannu, da mutanen layinmu: tela da ya ɗauke shi, da mai taksin da bai tsaya tambaya ba, da dattijo mai shara, da tsohuwar hawa na biyu, da malamin Laraba. Malam, ƙyallenka yana nan, ranar Laraba maƙera a buɗe take. Duk wanda marigayin ya ɓata wa, da sani ko da kuskure, ina roƙo ya yafe masa.

Ya Allah, bawanKa ya yi rayuwarsa a bakin wuta, Ka nisanta shi da wutar lahira. Ka sanyaya makwancinsa, Ka yalwata shi, Ka haskaka shi. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka karɓi alherin da ya yi a ɓoye da wanda ya yi a fili. Ka haɗa shi da matarsa da iyayenmu a inuwar bishiyoyin Aljanna. Mu da muka saura, Ka kyautata namu ƙarshen.

Yaya, ka yi min tambaya a mota ban ba ka amsar gaskiya ba. Ga ta yanzu. Na kashe tanderun, na buɗe ƙofar, mazubin ya tsage, tohon bai fito ba. Ka yafe min. Amma na wulwula, kuma hannuna bai tsaya ba.

Allah Ya jiƙanka da rahama.